In Jikin Mara Lafiya Ya Yi Sanyi: Sauƙi Ne Ko Haɗari?

A yawancin gidajenmu bayan hannu shi ne ma'aunin ciwo. Uwa takan taɓa goshin yaro, in ta ji zafi rau sai hankalinta ya tashi, a nemo magani. In ta ji sanyi sai ta ce zazzaɓin ya sauka. Masu zuwa dubiya su tambaya, "Ya mai jiki?" a amsa musu, "Da sauƙi, jikin ma ya yi sanyi." Sau da yawa haka ɗin ne. Amma akwai lokacin da sanyin jikin mara lafiya yake nuna cewa ciwon ya fi ƙarfinsa, har jikin ya kāsa yin zazzaɓi. Irin waɗannan marasa lafiya su ne aka fi makara wajen kawo mana asibiti, domin kowa a gida yana tsammani ana samun sauƙi.

Wannan ɗan littafi zai bayyana yadda za ku raba sanyin sauƙi da sanyin haɗari, su wa abin ya fi kamawa, da abin da za ku yi tun daga gida har ku iso wurin ma'aikatan lafiya. Ku lura, ba maganar "ciwon sanyi" muke yi ba, wato wanda mutane suke faɗa game da ciwon gaɓoɓi ko ciwon mara. Maganar ɗumin jiki muke yi, wanda ake aunawa da ma'auni.

Wutar da ke cikin jiki

Ku ɗauki jikin mutum kamar murhu. Abincin da muke ci shi ne itacen, musamman sukarin da ke cikin jini. Iskar da muke shaƙa ita ke hura wutar. Jini kuwa shi ke raba ɗumin, daga ciki har zuwa yatsun ƙafa. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri mai lura da wannan wuta dare da rana. In zafi ya yi yawa ya sa a yi gumi. In ɗari ya shiga ya sa a yi makyarkyata, domin rawar tsoka tana kawo ɗumi, ya kuma janye jini daga fata zuwa ciki.

A shekarar 1868 wani likita Bajamushe mai suna Carl Wunderlich ya wallafa sakamakon awon da ya yi wa dubban marasa lafiya, daga nan ne aka riƙe digiri 37 a ma'aunin Salshiyos a matsayin ɗumin jikin mai lafiya. Ba kowa ba ne yake tsayawa daidai a kan 37. Wani yakan ɗan yi ƙasa, wani ya ɗan yi sama, kuma ɗumin kowa yakan ɗan sauka da asuba, ya ɗan hau da yamma. Ga lambobin da ya kamata ku riƙe, in an auna a hammata:

- 36.5 zuwa 37.5: daidai ne ga jariri sabon haihuwa.
- 36.0 zuwa 36.4: jariri ya fara yin sanyi. A ɗumama shi, a ba shi mama, a sake aunawa.
- Ƙasa da 35.5 ga jaririn da bai kai wata 2 ba: alamar haɗari ce. Asibiti yanzu.
- Ƙasa da 36 ga babba ko yaro mai ciwo wanda jikinsa ya mutu: alamar haɗari ce.
- Ƙasa da 35 ga kowa: jiki ya yi sanyi ƙwarai. Ba a jira gari ya waye.

Zazzaɓi aikin jiki ne da gangan. In ƙwayoyin cuta suka shiga, ƙwaƙwalwa takan ƙara wuta domin sojojin jini su fi ƙarfin yaƙi. Amma ƙara wuta yana cin itace. Wanda ba shi da abin ƙonawa a jikinsa, ko wanda cutar ta riga ta galabaita shi, ba zai iya ba. A maimakon wutar ta ruru, sai ta riƙa mutuwa. Shi ya sa likitoci suke lissafa ɗumin da ya sauka ƙasa da 36 a cikin alamun ciwo mai tsanani, daidai da wanda ya haura 38.

Sanyi iri uku

Na farko shi ne rawar ɗari. Mai zazzaɓin cizon sauro yakan ce sanyi yake ji, haƙoransa suna kaɗawa, yana neman bargo da tsakar rana. Tafin hannunsa da ƙafarsa sun yi sanyi, amma in kun taɓa cikinsa za ku ji zafi, ma'auni kuma zai nuna 38 ko 39. Wannan zazzaɓi ne yake hawa. Yana bukatar gwajin jini da magani, amma ba shi ne abin da muke magana a kai ba.

Na biyu shi ne sanyin sauƙi. Zazzaɓi ya karye, gumi ya keto, jiki ya huce. Mara lafiya ya buɗe ido sosai, ya gane mutane, ya nemi ruwa ko kunu, ya yi fitsari. Yaro ya kama mama da ƙarfi, ya fara wasa. Ko da ma'auni ya nuna 36 ko kusa da haka, babu damuwa. A canza masa rigar da ta jiƙe, a ci gaba da maganinsa har ya ƙare.

Na uku shi ne sanyin haɗari. Jiki ya yi sanyi amma mutumin bai farfaɗo ba, sai ma ƙara lalacewa yake yi. Ku duba waɗannan:

- barci mai nauyi, da wuya a tashe shi, ko yana magana ba kan gado;
- ya ƙi ci ya ƙi sha, jariri ya ƙi kama mama ko yana tsotsa ba ƙarfi;
- numfashi da sauri, ko nishi, ko numfashi yana ɗaukewa yana dawowa;
- fata ta yi sanyi da danshi, tafin hannu da cikin ido sun yi fari;
- fitsari ya ragu ƙwarai ko ya tsaya;
- ba ya iya zama ko tsayawa, in ya miƙe jiri ya kwashe shi;
- jijjiga.

Saboda haka kada ku tsaya ga goshi kaɗai. Ku dubi mutumin gaba ɗaya, ku tambayi kanku: ya fi jiya ƙarfi, ko jiya ta fi?

Abubuwan da ke kawo shi

Ƙwayoyin cuta a cikin jini. Wannan shi ne babba. Ciwon yakan fara a wuri ɗaya: huhu, mafitsara, gyambo, cibiyar jariri, ko mahaifa bayan haihuwa ko ɓari. Daga nan ya bazu, yaƙin da jiki yake yi da cutar ya shiga lalata ƙoda da huhu da zuciya. Likitoci suna kiransa sefsis. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ƙiyasin cewa a shekarar 2017 mutane kusan miliyan 49 ne suka kamu da shi, miliyan 11 suka mutu, wato kusan mutuwa ɗaya cikin kowace biyar a duniya a shekarar. Kusan rabin waɗanda suka kamu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Abin da ya kamata kowa ya sani shi ne, a cikin masu wannan ciwo, waɗanda jikinsu ya yi sanyi sun fi mutuwa a kan waɗanda suka zo da zazzaɓi.

Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Yawanci da zafi yake zuwa, amma in ya yi muni jini yakan kāsa zagayawa, fata ta yi sanyi ƙalau. Yana kuma cinye sukarin jini, musamman ga yara da mata masu ciki.

Amai da gudawa, da zubar jini. In ruwa ko jini ya ƙare a jiki, babu abin da zai kai ɗumi ga fata. Mai kwalara yakan yi sanyi, idanunsa su faɗa, muryarsa ta dushe. Haka ma mai jego da ta zubar da jini da yawa.

Taifot. Wanda ya yi mako biyu ko uku yana zazzaɓi, sai rana ɗaya zafin ya sauka farat ɗaya, ciki ya ɗauki ciwo mai tsanani ya yi tauri kamar katako, zuciya tana bugawa da sauri, to, mai yiwuwa hanji ne ya huje ko yake zubar da jini. Wannan aikin tiyata ne. Kada a ba shi abinci ko jiƙo, a kai shi asibitin da ake yin aiki.

Sukarin jini ya yi ƙasa. Mai ciwon sukari da ya sha ƙwayarsa ko ya yi allurar insulin, amma ciwo ya hana shi cin abinci, yakan yi gumi mai sanyi, ya rikice, har ya suma.

Giya. Mai shan burkutu ko wata giya yakan ji kamar ɗumi ya ratsa shi, alhali giyar buɗe hanyoyin jinin fata take yi, ɗumin ciki yana fita. Tana kuma saukar da sukarin jini. Wanda ya bugu ya kwana a waje cikin hunturu ko cikin ruwan sama yana iya mutuwa kafin safiya.

Jarirai: su ne a gaba

Jariri sabon haihuwa ba ya iya makyarkyata kamar babba. Yana da wani ɗan kitse na musamman a bayan wuya da tsakanin kafaɗu wanda yake ƙonawa don ya sami ɗumi, kuma ba shi da yawa. Fatarsa siririya ce, kansa babba ne a kan jikinsa, ga shi ya fito a jiƙe daga wuri mai ɗumi. In ba a goge shi an rufe shi ba, ɗumin jikinsa yana iya sauka da digiri 2 zuwa 4 cikin minti 10 zuwa 20 na farko. Bakwaini da wanda nauyinsa bai kai kilo biyu da rabi ba sun fi shiga haɗari, haka ma tagwaye.

Kada ku ce ai ƙasarmu ƙasar zafi ce. Ɗakin da babba yake jin daɗinsa yana iya yi wa jariri sanyi. Ana so ɗakin haihuwa ya kai digiri 25 ko fiye. A tudun Adamawa, wuraren Ngaundere da Banyo da Meiganga, kowa ya san yadda asubar hunturu take daga Disamba zuwa Fabrairu, da yadda ɗaki yake yin danshi lokacin marka. Ko a Garwa da Marwa masu zafi, daren hunturu ya isa ya sanyaya jariri.

Sanyi da cuta a jikin jariri tare suke tafiya. Sanyi yana raunana shi har cuta ta sami hanya, cuta kuma tana sa shi sanyi. Jarirai da yawa masu ƙwayoyin cuta a jini ba sa yin zazzaɓi ko kaɗan. Sai dai a ga yaron ya yi shiru, ba ya kuka, ba ya motsi sai an taɓa shi, ya bar mama. A gida sai a ce yaro ne mai haƙuri. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in ya ƙi mama, ko yana numfashi sau 60 ko fiye a minti ɗaya, ko ƙirjinsa yana lomawa ciki sosai, ko ya yi jijjiga, ko cibiyarsa ta yi ja tana fitar da mugunya, ko jikinsa ya yi sanyi, a kai shi asibiti a ranar, ko da ba a yi suna ba. Zaman ɗaki na kwana bakwai bai kai ran yaro ba.

Yara masu tamowa

Yaron da ya rame ƙwarai, ko wanda ƙafafunsa biyu suka kumbura, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ba shi da itacen da zai ƙona. In an auna damtsen yaro mai wata 6 zuwa shekara 5 da tef ɗin awo aka sami ƙasa da santimita 11.5, wato wurin ja, tamowarsa mai tsanani ce. Irin wannan yaro yana iya ɗauke da ciwon huhu ko cuta a jini ba tare da zazzaɓi ba. A cikin matakai goma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara don jinyar waɗannan yara, na farko shi ne maganin ƙarancin sukari a jini, na biyu maganin sanyin jiki, domin su biyun sukan zo tare, kuma su ne suke kashewa da sauri. Lokacin da ya fi haɗari shi ne tsakar dare zuwa asuba, sa'ad da gari ya yi sanyi kuma yaron ya daɗe bai ci komai ba. Shi ya sa a asibiti ake tashin uwa kowane awa 2 ko 3, har cikin dare, ta ba shi madara ta musamman mai suna F-75. Iyaye mata sukan gaji da wannan tashi, amma shi ke riƙe da ran yaron.

Tsofaffi da masu doguwar jinya

Da shekaru suka ja, jiki yakan rage ƙarfin yin zazzaɓi. Tsoho mai ciwon huhu ko ciwon mafitsara sau da yawa ba ya yin zafi. Abin da za a gani shi ne ya rikice cikin kwana ɗaya ko biyu, yana kiran waɗanda suka mutu, yana fitsari a kwance, ya faɗi, ko ya ƙi abinci. 'Ya'ya su ce tsufa ne, ko su ce lokaci ne ya yi. Ruɗewar tsufa a hankali take zuwa, cikin watanni da shekaru. Wadda ta zo farat ɗaya ciwo ne, kuma sau da yawa yana jin magani in an zo da wuri. Haka abin yake ga masu ƙanjamau da suka bar shan magani, masu tarin fuka da suka rame, da masu ciwon ƙoda ko hanta.

Yadda ake aunawa

In kuna da ma'auni mai batir, ku goge hammata ta bushe, ku sa bakin ma'aunin can cikin tsakiyarta, ku manne hannun da jiki har ma'aunin ya yi ƙara. In ya nuna lamba ƙasa da 36, ku sake aunawa a ɗaya hammatar, domin wani lokaci ma'aunin ne bai zauna daidai ba. In ya tsaya a kan harafin L ko Lo bayan ya daɗe a hammata, ana nufin sanyin ya wuce abin da yake iya karantawa. Ma'aunin gilashi irin na da, yawancinsa daga 35 yake farawa. Sai an kaɗa shi ya sauka kafin a sa, a bar shi minti 5. In bai motsa daga ƙasa ba, ku ɗauka jikin ya yi sanyi ƙwarai. Ku rubuta lambar da lokacin da aka auna, ku zo mana da takardar.

In babu ma'auni, ku yi amfani da bayan hannu, amma hannun ya kasance da ɗuminsa. Ku taɓa ciki, sa'an nan ku taɓa tafin ƙafa. In duka biyu da ɗumi, lafiya. In ciki da ɗumi, ƙafa da sanyi, jariri ya fara yin sanyi, a ɗumama shi a sake dubawa bayan rabin awa. In ciki da ƙafa duka sun yi sanyi, haɗari ne.

Abin da za ku yi nan take

Abu uku ne: ɗumi, abinci, tafiya. Ana yin su tare, ba a jiran ɗaya ya ƙare.

Ga jariri da ƙaramin yaro, babu abin ɗumamawa da ya kai ƙirjin uwa. A cire masa duk abin da ya jiƙe. A bar shi da hula da safa da ƙunzugu busasshe. A kwantar da shi tsaye tsakanin nonon uwa, fatarsa a manne da fatarta, kansa a juye gefe ɗaya domin hanci ya sami iska. A ɗaure su da zani kamar goyo, amma ta gaba, a rufa musu bargo. In uwa ba ta da lafiya, uba ko kaka ko goggo su yi. Ana kiran wannan goyon kangaru, da sunan wata dabbar Ostireliya mai ɗaukar ɗanta a aljihun cikinta. Wani likita mai suna Edgar Rey ne ya fara shi a shekarar 1978 a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, saboda kwalaben ɗumama bakwaini sun yi wa asibitinsu kaɗan. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a fara shi nan da nan bayan haihuwa ga bakwaini da ƙananan jarirai.

A ba shi mama. In ba ya iya tsotsa amma yana haɗiya, a tatsa a ƙaramin kofi mai tsabta a ba shi kaɗan-kaɗan. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nono ya ishe shi. Kada a ba wa yaron da bai kai shekara ɗaya ba zuma. Ga yaron da ya fi wata 6 wanda ba ya shan mama, a zuba sukari cike da ƙaramin cokali ɗaya a cikin ruwa mai tsabta babban cokali uku, a ba shi ya sha.

Ga babba, a canza masa tufafin da suka jiƙe da gumi ko fitsari. Kada a bar shi a kan siminti ko ƙasa, a shimfiɗa katifa ko bargo a ƙarƙashinsa. A rufe kansa da ƙirjinsa da cikinsa. In yana cikin hankalinsa yana haɗiya, a ba shi kunu ko shayi mai ɗumi da sukari. Mai gudawa a ci gaba da ba shi ruwan gishiri da sukari. In ya suma ko barci ya yi masa nauyi, kada a ɗura masa komai, domin zai shaƙe. A kwantar da shi a gefe ɗaya, a jiƙa ɗan sukari a shafa masa a ƙarƙashin harshe.

Sa'an nan a kama hanya. In a babur ne, iska tana kwashe ɗumi da sauri. Jariri ya zauna a ƙirjin uwa a cikin riga, ba a baya ba, a kuma ci gaba da ba shi mama a hanya. Ku ɗauko katin awo, katin rigakafi, da duk magungunan da aka sha, har da na gargajiya. Ko da jikin ya yi ɗumi kafin ku tashi, kada ku fasa tafiya. Ɗumamawa ba ta kashe cutar da ta kawo sanyin.

Abin da ba a yi

- Kada a yi masa wanka, ko da ruwan zafi ne. Da ya fito ruwan zai bushe ya tafi da sauran ɗumin.
- Kada a manna masa kwalbar ruwan zafi, dutse mai zafi ko tsumman gashi. Fatar da jini ba ya isarta sosai tana ƙonewa da sauri, jariri da wanda ya suma kuwa ba za su iya janyewa ba.
- Kada a kwana da kaskon garwashi a ɗaki a rufe. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutane cikin barci. In za a ɗumama ɗaki, a fitar da kaskon kafin a rufe ƙofa.
- Kada a murza masa hannu da ƙafa da ƙarfi.
- Kada a ba shi giya.
- Kada a ba shi farasitamol. Maganin sauke zafi ne, ba shi da aiki a nan. In an riga an ba shi, ku faɗa mana lokacin, domin yana ɓoye zazzaɓi.
- Kada a kira mai kemis ya yi wa yaro mai tamowa ƙarin ruwa a gida. Zuciyarsa ba ta da ƙarfi, ruwan yana iya fin ƙarfinta.

A asibiti

Da kun iso, kada ku bi layi ku yi shiru. Ku gaya wa ma'aikacin farko da kuka gani, "Jikinsa ya yi sanyi, ba ya cin abinci, ba ya farkawa sosai." Za a auna ɗumi, numfashi, bugun zuciya da ƙarfin jini. Za a ɗiba jini a yatsa don a duba sukari, zazzaɓin cizon sauro da yawan jini. Sau da yawa za a fara allurar kashe ƙwayoyin cuta tun kafin sakamakon gwaji ya fito, domin a wannan ciwo kowane awa ɗaya da aka yi jinkiri yana ƙara haɗari. Wani zai bukaci ƙarin ruwa, wani ƙarin jini, wani iskar oksijin. In ana neman jini, 'yan'uwa maza su matso kusa, kada su watse.

Akwai abin da yakan ruɗa masu jinya. Bayan an ɗumama mara lafiya an ba shi sukari da magani, wani lokaci sai zazzaɓi ya fito. Kada ku ce maganin ne bai karɓe shi ba. Jikin ne ya sami ƙarfin yin yaƙi. Kuma in an ce allura ta kwana 7 ce ko 10, a cika ta. Ficewa da mara lafiya a rana ta uku don ya fara cin abinci shi ke dawo mana da shi a yanayin da ya fi na farko muni.

Rigakafi ya fi magani

A haihu a asibiti ko a hannun ungozoma mai horo. Tun cikin wata na bakwai a tanadi zannuwa busassu aƙalla biyu, da hula da safa. Da an haifi yaro a goge shi da zani ɗaya, a ajiye wannan, a ɗora shi a ƙirjin uwa, a rufe su da na biyu. A sa shi a mama cikin awa ɗaya na farko. Dakashi, wato nonon farko mai kauri, abinci ne kuma kariya ce daga cuta, kada a zubar. Wankan farko ya jira awa 24. Farin maiƙon da ke jikin jariri ba ƙazanta ba ne, yana kare fatarsa. In za a yi wanka daga baya, a yi shi da rana ta ɗaga, a cikin ɗaki, da ruwa mai ɗumi, a gama da sauri. Bakwaini kuwa goge shi ya isa har ya yi ƙwari. Kada a sa wa cibiya toka, kashin shanu, man goge baki ko wani abu, sai maganin da aka ba ku a asibiti.

A kai yara rigakafi da awo a kan lokaci, a kwana cikin gidan sauro, a wanke gyambo a rufe shi. Mai jego da ta ji jinin biƙi yana wari, ko mararta tana ciwo, ko jiri yana ɗibarta, ta zo a duba ta ko da babu zazzaɓi. A lokacin hunturu a leƙa tsofaffin da suke kwana su kaɗai, a tabbata sun ci abincin dare, suna da bargo.

Ma'aunin zafin jiki mai batir ba shi da tsada sosai. In gida ɗaya ba zai iya ba, ƙungiyar mata ko ta unguwa tana iya sayen ɗaya a ajiye wurin wanda ya iya karatu, kowa ya san inda yake. Haka kuma ya kamata kowace unguwa ta san mai babur ko mai motar da za a iya tasa da dare, da ɗan kuɗin da aka ajiye don irin wannan rana.

Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba wannan littafi, musamman kakanni da ungozomomi, domin su ne suke fara taɓa jikin jariri. In kun je dubiya aka ce muku jikin ya yi sanyi, ku ƙara tambaya: yana ci? Yana gane mutane? Ya yi fitsari yau? In amsar a'a ce, ku taimaka a kawo shi. Allah ya ba mu lafiya.